Ɗinki Uku na Iya Ladingo

A wani daji da ya yi iyaka da gonakin mutane, akwai wata kasuwa da ke ci ranar Laraba a gindin wata tsohuwar tsamiya. Kasuwar kayan ado ce, kuma masu sayayya a cikinta duk dabbobin gida ne: karnukan mafarauta, kyanwoyin attajirai, da ragunan da ake kiwo don sha'awa. Sukan sulale daga gari da hantsi, a auna su, su koma kafin a ce ina suke. Namun daji su ne masu sana'a. Kowa ya san dabbar gida da son gayu, don wanda ba ya tunanin abin da zai ci gobe ai dole ya yi tunanin abin da zai sa.

A duk kasuwar nan babu mai hannu irin na Iya Ladingo, wata tsohuwar beguwa badukiya. Rumfarta na jikin tsamiyar daga gabas, inda inuwa ke daɗewa. A nan kakarta ta yi dukanci, a nan uwarta ta yi, har saiwar da suke zama a kai ta yi santsi. Ita ba ta taɓa sayen basilla ba. In wadda take aiki da ita ta dakushe, sai ta miƙa hannu baya ta zaro sabuwa daga jikinta. Kowa yana gaishe ta da girmamawa, in ban da awaki, su kuma ba a tambayarsu dalili.

Aikinta abin wuya ne, kuma wallahi in ka ga abin wuyan Ladingo ka ga aiki. Ta rina fata ja da karan dafi, ta yi mata baki da baƙin kuloko, ta ratsa rawayar gangamau siririya a tsakiya, sannan ta jera wuri ƙanana kamar haƙoran jariri. Na rago takan yi shi da faɗi, da geza da tuntu, don in ya yi tafiyar ƙasaita a san ya yi. Na kyanwa siriri, mara nauyi. Na karen farauta kuwa ko ka roƙe ta ba za ta sa masa ƙararrawa ba, takan ce ita ba za ta ɗinka wa zomo ɗan saƙo ba. Awonta ma daban yake. Kare ya zo, sai ta ce ya ruga zuwa surin can ya dawo, sai yana haki sannan ta auna wuyan, don wuyan mai gudu ba ɗaya yake da na mai zaune ba.

Akwai kuma wani abu da take yi wanda ido ba ya gani. Duk ɗinkinta da jijiya take yi, mai ƙarfin gaske. Amma a bayan wuya, daidai inda fata ta haɗu, takan yi ɗinki uku da ɗanyen zaren auduga. Wannan shi take kira ƙofa. In reshe ya saƙale abin wuya, mai shi ya rataya, nauyinsa zai tsinke zaren nan uku ya faɗo ƙasa da ransa. Haka ta gada, kuma ba ta taɓa ɗaukar abin a matsayin wani sirri ba. Duk wanda ya tambaya takan juya ta nuna masa.

To, kasuwa ta yi suna, kuma inda maiƙo yake nan ƙuda ke sauka. Sai Sarkin Kasuwa, wani jan biri mai suna Jatau, ya ga ya kamata a kafa Kwamitin Inganci, wanda zai gwada kayan kowa ya buga hatimi. Ya naɗa kansa shugaba. Ya sa Kura a kan gwaji, ya sa Ungulu a matsayin masaniyar harkar wuya, ita da ko gashi babu a nata. Marubuciya kuwa wata kyanwar gidan attajiri ce mai suna Zinaru, an ɗauke ta ne don ta daɗe tana kwana a kan takardu. A duk 'yan kwamitin, Zinaru kaɗai ce ta taɓa sa abin wuya, kuma wanda ke wuyanta ranar ɗinkin Ladingo ne.

Ladingo ba ta damu ba da ta ji labari. Cewa ta yi ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ta zaɓo mafi kyawun aikinta ta kai.

Ranar gwaji kasuwa ta cika. Tsarin mai sauƙi ne: a saƙala abin wuya a saiwar tsamiya, Kura ta kama da haƙori ta ja. Aka fara da na Burgu, wanda bai fi damina biyu da shiga sana'ar ba. Shi waya yake gutsurowa daga shingen mutane, ya naɗe ta da leda mai ƙyalli. Kura ta ja, ta ja, har haƙorinta ɗaya ya fita, abin wuya ko gezau. Aka yi ta tafi. Da aka zo kan na Ladingo, Kura ba ta ma gama gyara tsayuwa ba, ja ɗaya ya buɗe daidai ƙofa, ta faɗi zaune. Dariya ta kaure, Ungulu ta girgiza kai irin na wadda ta daɗe da sanin haka za a yi.

Ladingo ta yi bayani a tsanake. Ta nuna jijiyar da ba ta motsa ba, ta nuna zaren nan uku, ta faɗi amfaninsu. Jatau ya ce an ji, amma kwamiti ba ya aiki da magana, sai da shaida. Nan ne wani tsohon karen farauta mai suna Barsu ya kutso cikin taro, kunnensa ɗaya a yage, yana riƙe da wani tsohon abin wuya a baki. Ya ajiye shi gaban shugaba.

"Ranka ya daɗe, ga shaida," in ji Barsu. "Shekara huɗu ke nan, na biyo gada har bakin kwaren Gawo. Ta tsallake, ni ma na daka tsalle. Reshen farar ƙaya ya shiga tsakanin wuyana da abin nan, sai na ji ni a sama ina lilo, ƙafafuna ba sa taɓa komai. Maigidana yana can nesa yana kirana, ni ko haushi na kasa. Idona ya fara ganin duhu, sai na ji ɗas, na faɗa cikin yashi. Ban yar da shi ba tun ranar, a kansa nake kwana. Ku da ba ku taɓa ɗaura komai a wuya ba, ku tambaye mu mana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ladingo ta ji daɗi har idonta ya kawo ruwa, don ba ta san labarin nan ba sai ranar. A ranta ta ce magana ta ƙare.

Jatau ya ɗauki abin wuyan, ya juya shi gaba da baya, ya miƙa wa Ungulu, ita ma ta juya. Sannan ya yi gyaran murya.

"Kwamiti yana godiya ga Barsu bisa gaskiyarsa," in ji shi. "Dā zato muke yi, yanzu gani ya kori ji. Ga mai saye da bakinsa ya tabbatar cewa kayan Iya Ladingo sun tsinke masa a bakin aiki, a lokacin da ya fi kowane lokaci dogara da su. Ba mu raina shekarun Iya ba, ba mu kuma raina rininta ba, rini kam sai dai a ce madalla. Amma abin da aka ɗaura don ya zauna, zama ya kamata ya yi. Saboda haka an ba ta zuwa Laraba mai zuwa. Ta toshe ƙofar nan da jijiya, mu buga mata hatimi, ta ci gaba da zama a rumfar iyayenta. In ta ƙi, ta tashi. Kuma daga yau duk dabbar da za ta shigo kasuwar nan, sai da abin wuya mai hatimi. Zinaru, rubuta."

Ladingo ta dubi Zinaru, ta dubi abin wuyan da ke jikinta. Zinaru ta sunkuyar da kai, ta rubuta.

Kwana bakwai ɗin nan sun yi wa tsohuwa nauyi, ba ƙarya. Tana son rumfar nan kamar ranta. Ta san kowane tsagi na bawon tsamiyar, ta san ramin da uwarta ke ajiye kuloko. Maƙwabta suka yi ta zuwa ba ta baki. Bushiya mai saƙa ta ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, ɗinki uku ne fa kawai, me zai sa ta rasa gadon kaka a kan zare. Ladingo ta ji maganar har ta shige ta. Ranar Litinin ta ɗauko fata ta ɗinke da jijiya tun daga farko har ƙarshe, babu ƙofa. Ya yi kyau ƙwarai. Ta ɗaga shi tana kallo, sai wani ɗan kwikwiyo da ya biyo uwarsa zuwa gaishe ta ya zo yana tsalle yana cewa nasa ne. Ta dube shi, ɗan wuyan nan nasa bai fi tsinken tsire uku ba. Ta zaro basilla ta farke ɗinkin a gabansa, ta bar shi yana kuka.

Ran Laraba ta ɗaure kayanta tun kafin kwamiti ya zauna. Da Jatau ya tambaye ta shawarar da ta yanke, ba ta ja magana ba.

"Ranka ya daɗe, a nan aka koya mini cewa duk abin da za ka ɗaura wa mai rai, ka bar masa hanyar fita," in ji ta. "Rumfar ce ta koya mini. In na toshe ƙofa don in zauna a cikinta, to me na gada? Ga inuwa nan, ku ba wanda kuka ga dama."

Aka ba Burgu. Ita kuma ta bi hanya da ƙunshinta a ka, Barsu yana biye da ita ɗauke da fatu. Ta sauka a wajen iyakar kasuwa, gindin wata aduwa mai ƙarancin inuwa, a bakin hanyar da ke zuwa daga gari. Ranar ta yi kuka, ba ta ɓoye ba.

Doka dai doka ce, kowa ya sayi mai hatimi, Burgu ya yi ƙiba. Amma karnukan farauta ba yara ba ne. Suna fitowa daga kasuwa sai su ratse gindin aduwa, su ajiye abin wuyan a gaban Ladingo. Ita kuma ta datse wayar a baya, ta haɗa da ɗinki uku na auduga, ta rufe da 'yar jar fata yadda hatimi ba zai taɓu ba. Ko a wannan ɗan facin sai da ta sa gwaninta, har aka fara yayinsa. Ba kowa ne ya ratse ba. Akwai samarin karnuka da suka ce su ba sa son faci a kan ƙyalli, suka wuce abinsu. Barsu yakan zauna kusa da ita ran kasuwa yana duban masu zuwa, wani lokaci ya ambaci sunan wanda ya kwana biyu bai gani ba. In ya yi haka, Ladingo takan ajiye basilla ta daɗe ba ta ɗauka ba.

Wata Laraba da rana tsaka, kasuwa na ci, sai ga Zinaru ta biyo bayan ciyawa tana waige. Takardu a hammata, abin wuyan Burgu a wuya, ga wani jan zane a fatarta inda gashi ya tuje. Ta durƙusa ta gaida Iya, ta yi ta kame-kame. Da ƙyar ta faɗi cewa jiya ta hau mangwaron gidansu, ƙafarta ta zame, reshe ya saƙale abin wuyan, ba don mai shara ya gan ta ba da yanzu wani labarin ake yi.

"Iya, na san ba ni da bakin roƙonki," in ji ta.

"Juyo, 'yar nan," in ji Ladingo. "Wuya ba ya laifi."

Ta zaro sabuwar basilla, ta datse wayar, ta yi ɗinkinta uku, ta shafa mata man kaɗanya a ciwon. Ba ta tayar da zancen ranar gwaji ba, kuma wannan shirun ya fi faɗa yi wa Zinaru zafi. Da ta gama, sai ta tambaye ta takardun mene ne ta rungumo haka. Zinaru ta ce rahoton shekara ne na kwamiti, yau Jatau zai karanta wa jama'a. Ladingo ta ce a ɗan karanta mata, tunda ita ba ta da hatimin shiga.

Zinaru ta buɗe, murya ƙasa-ƙasa, ta karanto mata sakin ƙarshe. An rubuta cewa a zamanin dā, masu sa kayan wata badukiya sukan dawo kasuwa da tsinkakken abin wuya a baki suna neman gyara. Amma kwamiti yana alfaharin sanar da jama'a cewa tun da aka fara buga hatimi, cikin duk waɗanda reshe ya saƙale, ba a sami ko ɗaya da ya dawo da ƙorafi ba.