Yadda Za Ka Hau Jirgin Lilo da Surukinka Ka Sauko da Mutuncinka

Ka kai iyali wurin wasa, surukinka ya hango jirgin nan mai hawa sama ya sulalo kamar zai kife, ya ce kai za ka raka shi. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka ko gezau ba za ka yi ba. Mutum ɗaya ne ya taɓa saɓa musu, wani direban babbar mota, kuma za ka ji yadda ta kaya.

1. Rage cika baki tun a layi

Direba dai bai rage ba. Ya dubi surukinsa, wani tsoho, ya ce, "Haba Baba, ni da nake gangaro dutse da lodin siminti? Wannan ai wasan yara ne." Matarsa tana ji, ƙannenta suna ji. Mai hankali yakan yi alfaharinsa ne bayan ya sauko.

2. Kada ka nemi birki

Babu shi a kujerarka. Jirgin ko inji ba shi da shi, sarƙa ce ke jansa zuwa ƙololuwa ta sake shi. Birkin yana jikin titin ƙarfen da jirgin ke bi. Wani fallen ƙarfe a ƙarƙashin jirgin zai ratsa tsakanin maganaɗisu ya rage gudu, sannan wasu ƙarafa su matse shi ya tsaya cak. Ko wuta ta ɗauke, rufewa suke yi da kansu. Wato an tsara komai ba tare da shawararka ba, kuma wannan ne ke yi wa direbobi ciwo.

3. In ka ji ƙaƙas-ƙaƙas, yi murmushi

Wata ƙugiya ce ke kama haƙoran titi don kada ku koma da baya. Bayyana wa surukinka haka da murya ta masana. Direba kuwa cewa ya yi, "Baba, giya ce ta kwance!"

4. Kada ka leƙa jirgin da ke gaba

Na'ura ba ta barin jirgi biyu a yanki ɗaya, sai na gaba ya fita take sakin naku. Ba ka da hon, saboda haka bar lalube.

5. Tsare ƙafarka ta dama

Nan ne mutumin namu ya tafka ta. Jirgi na sulalowa, ƙafar da ta saba aikinta ta nemi birki, ta samu wani abu mai taushi, ta danne iya ƙarfinta. Ƙafar Baba ce. Haka ya yi ta taka ta a kowace kwana, idonsa a rufe, yana salati, har suka tsaya.

6. Sauka kamar ba a yi komai ba

Direba ya ga takalmin tsohon ya lotse, kunya ta kama shi kamar ya nutse. Ya durƙusa. "Baba, don Allah a yafe mini."

Tsohon ya ɗingisa, ya share hawayen dariya, ya ce, "Tashi mu sake hawa, yarona. Amma ka koma ta damana, ka je ka taka wa wani birkin."

Gargaɗi: mai wannan shawara bai taɓa hawa ba, daga ƙasa yake kallo yana riƙe wa mutane jaka. Duk abin da ya samu ƙafar surukinka ko aurenka, babu ruwansa.