Ranar da na tsallake igiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kayar da mutum ba, amma aka ɗaga hannunsa ina kallo.

Ni ɗan mahauta ne a Madarumfa, da damben gargajiya na tashi. A wurinmu doka ɗaya ce: gwiwa ko hannun abokin karawarka ya taɓa ƙasa, ka kashe shi, wasa ya ƙare. To sai ga Metir Sani, malamin motsa jiki, ya kafa turaku huɗu ya zagaye su da igiya, ya ce zai zaɓi mutum ɗaya da zai wakilci garinmu a damben zamani a Maraɗi. Wallahi na so tafiyar nan kamar me (har ɗinki na kai wa tela tun ba a zaɓe ni ba).

Wata biyu yana koya mini zaman igiya: in jingina bayana, in rufe fuska da safar hannu, in bar mutum ya gaji da duka, sannan igiyar ta turo ni in sauke masa hannun dama. Dokoki ma ya yi ta maimaitawa, ni kuwa ina gyaɗa kai kawai. Wa zai koya wa ɗan mahauta dambe?

Ranar zaɓe aka haɗa ni da wani dogo daga Ɗan Issa. Kawuna Ilu makaɗi ya zo da kalangunsa, ƴan kasuwar kifi duk sun hallara. Dogon nan ya matse ni a igiya yana ta zuba mini, ina jin mutane suna cewa tawa ta ƙare. Ina lura numfashinsa ya yi nauyi, na lafe, igiya ta cillo ni, na dirka masa ɗaya a haƙarƙari. Sai ga shi a kan gwiwa!

Daɗi ya kwashe ni. Ban san lokacin da na tsallake igiyar ba, na nufi wajen kalangu hannu sama, ina kirari ina taka rawa (rawar ma har da juyi). Kawu ya saki kiɗa, sai kuma na ga ya tsaya yana leƙen bayana.

“Ɗana, mi kake yi nan? Wancan ya tashi hwa.”

Na waiwaya. Dogon yana tsaye yana gyara wando, alƙalin wasa kuwa ya daina ƙirga masa, yanzu ni da na fita daga cikin igiya yake ƙirga wa, in ya kai goma ban dawo ba na faɗi. Na ruga, ƙafata ta sarƙe a igiyar ƙasa, na faɗi rub da ciki daidai lokacin da ya ce goma.

Metir Sani bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Cewa kawai ya yi, “Dukan ya yi kyau. Da ka tsaya ka ga ƙarshensa.”

Dogo ya tafi Maraɗi, ni kuma na sa sabon ɗinkina na raka shi tasha. Tun daga ranar, ko rago na kayar a mahauta, sai na tabbata ba zai tashi ba kafin in nemi makaɗi.