Giɓin Takobin Gidan Yahuza

"Gajiya kam babu, sai hayaƙinka. Yau kwana ashirin da uku rabona da shaƙar iskar Allah a gidan nan."

"Gaisuwa na yi, amarya, ban ce ki kai ni ƙara ba."

"Amaryar wa? Dubi hancinka kamar gindin tukunya. An ce min malamin makaranta na aura, ashe mai gawayi aka kawo min."

Hambali ya yi dariya, ya gyara durƙusonsa a gaban kakarsa. Hantsin Asabar ne, a tsakar gidansu da ke Wurno. Iya Barira, mahaifiyar babansa, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, shi kuwa ya ɗora wani dogon abu naɗe da tsohon buhu a cinyarsa.

Gidan Malam Yahuza, marigayi mijin Iya, yana da takobin gado. Duk jaririn da aka haifa a gidan, shi ake ajiye masa a wajen kai har a yi arba'in. Daminar bara waccan ruwa ya rushe ɗakin marigayin ya tafi da takobin, aka yi tono har aka gaji. Yanzu ga Nasiha, matar Hambali, cikinta ya shiga wata tara, kuma tun da watan ya kama Iya take cewa ita ba za ta zuba ido a ajiye wa jininta wuƙar yanka albasa ba. Shi ya sa Hambali, wanda bai taɓa riƙe masaba ba, ya samo ƙarfen sifirin tsohuwar mota a Birnin Kudu, ya aro zuga-zugi da awartaki wurin wani maƙeri a Gwaram, ya kafa wuta a bayan rumbu. Ruwan takobi na farko ya tsage da ya tsoma shi a ruwan sanyi. Na biyu ya tsoma a baƙin mai, ya tsira. Amma duk wannan wahala, idan Iya ta duba ta ce ba shi ba ne, to ba shi ba ne, domin ba kowa ake bari ya taɓa shi ba, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san takobin da hannunsu.

Ya warware buhun. Ƙarfen ya ɗauki rana ya yi wal.

"To, ga sadakinki."

Iya ta karkace kai ta dube shi. "Wannan na yankan rake ne ko na tsoratar da awaki?"

"Ku ji tsohuwa! Inci talatin da uku cif. Na auna a hoton da Malam yake riƙe da shi, na gwada da tsawon ƙofar zaure da ke bayansa, komai yana rubuce a littafin nan. Ga kwari uku a tsakiya, ga tambarin wata biyu."

"Watan naka ɗaya ya fi ɗaya ƙiba. Kamar idanunka."

"Idanun da kika gani kika ƙi samarin Sundimina kaf."

"Ni? Tausayi ne ya sa na karɓe ka. Ranar da aka haife ka ungozoma sai da ta tambaya ko a kira mai maganin dabbobi."

"Ai ita ce ta ce ke kika koya wa Annabi Nuhu ɗaurin zani saboda ruwa."

"Astagafirullahi! Bakinka ya fi takobinka kaifi. Miƙo nan."

Ta karɓa ta wutsiyar ƙarfen, inda ya naɗe da tsumma tun da ba a sa ƙota ba tukuna. Ta ɗaga, ta jijjiga, ta ƙwanƙwasa da farce ta kara a kunne. Hambali ya zuba mata ido. Ta bi kaifin da babban yatsa a hankali, daga gindi har kusa da tsini, a nan yatsan ya tsaya.

"Ina giɓin?"

"Shi na bari sai kin nuna min wurinsa. A hoto ba ya fita sosai. Bappa ya ce ranar da Ningawa suka kawo hari ne kakan Malam ya sari garkuwar wani barde, bakin ya ɓalle. Ga magagari na zo da shi. Ki faɗa min inci nawa daga tsini, in goge shi daidai."

"Magagari ba zai yi ba."

"Me zai hana?"

"Zai yi kyau da yawa."

"To in tafi Ningi in nemo barde?"

"Kai da zakaran gidan nan ya kora har bayan gida? Su Ningawa dariya za ta kashe su kafin ka zare."

"Amarya, kina kewaye-kewaye. Tun da nake da ke ban taɓa ganin kin kalli ƙasa kina magana ba."

Iya ta waiwaya wajen ɗakin Nasiha, ta ga labule a sake. Ta sassauta murya.

"Matso. In ka faɗa wa Bappanka, na tsine wa auren nan."

"Na matso."

"Babu wani barde. Ni ce."

Hambali ya saki baki.

"Rufe, kada ƙuda ya shiga. Shekarar da aka kawo ni gidan nan, ina da cikin babanka, na tashi da kwaɗayin goruba. Ba bayanta ba, ƙwallon ciki nake so. Maza duk suna gona, sun tafi da gatari. Na duba, na ga abu rataye a bango ba ya aikin komai. Na ɗora gorubar a dutsen niƙa, na ɗaga da hannu biyu. Goruba ta yi tsalle ta bar ni da dutse."

"Innalillahi! Takobin yaƙi, Iya? Goruba?"

"Mai ciki ba ta san takobin yaƙi ba. Tambayi matarka abin da za ta iya yi a kan tsamiya."

"Malam bai sake ki ba?"

"Ya shigo ya tarar ina kuka, ya duba, ya mayar kube, ya ce in share hawaye. Da aka haifi babanka, yayan Malam ya zo suna daga Gwaram, mutum mai zafi kamar barkono. Ya zare takobi ya ga giɓi, ya ce wane ne? Ni ina bayan ƙofa. Kakanka ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce, 'Haba Yaya, giɓin ranar Ningawa ne fa, Baba bai ba ka labari ba?' Shi kuma kunya ta hana shi ya ce ƙaninsa ya san abin da bai sani ba. Sai ya ce, 'Haka ne, na tuna.' Kafin a watse har ya ƙara wa barden doki."

Hambali ya yi dariya har ya zauna daɓas a ƙasa. "Shekara biyar ina ba 'yan aji shida labarin barden nan! Har zana shi na yi a allo."

"Ka zana shi da kyau dai?"

"Da gemu."

"Madalla. Tashi ka kai ni wajen dutsen."

Ya daina dariya. Dutsen niƙan yana nan a gindin katanga, an daina amfani da shi tun zuwan inji. Ya tuna ƙarar da ruwan takobi na farko ya yi lokacin da ya tsage, da kwanakin da ya yi yana bugu har tafin hannunsa ya yi ƙanta. Idan wannan ya yi tauri da yawa, ba giɓi zai yi ba, biyu zai rabu, kuma Nasiha ba za ta jira na uku ba.

"Iya, in ya karye fa?"

"In ya karye, ba takobi ka ƙera ba, ƙanzo ka toya. Na Malam ya sha dutsen nan bai karye ba. Ko tsoro kake, mijin yini?"

Ya kama hannunta ya tashe ta. Ta sa ya nemo ƙwallon goruba a kwandon Nasiha, ta ce ba za ta sari dutse haka kawai ba kamar mahaukaciya. Ta ɗaure zani, ta yi bisimilla, ta ɗaga da hannu biyu. Hambali ya rufe ido.

Ƙarar ta tashi kaji. Gorubar ta yi tsalle ta faɗa cikin turmi.

Ya buɗe ido ɗaya. Takobin yana nan ɗungurungum a hannunta, sai wani ɗan giɓi marar fasali kusa da tsini. Iya ta sa yatsa a kai, ta shafa. Sannan ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙinsa ne har yanzu.

Ta shiga ɗaki, ya ji tana jan adaka. Ta fito da tsohon kube na jar fata, ɗinkin bakinsa ya warware.

"Na cire shi ne zan ba baduku, ruwan ya zo. Zura mu gani."

Ya zura. Takobin ya shige sumul har gindi.

"Kina da wannan kika bar ni ina awon ƙofar zaure a hoto?"

"So nake in ga ko akwai wani abu a kan nan ban da hula." Ta tura masa kuben a ƙirji. "Riƙe, na ba ka. Na kuma fasa kai ka ƙara. Amma ka sani, in Nasiha ta haifi namiji, ranar suna zan sake miji."

"In mace ce kuma ni zan yi sabuwar amarya mai haƙora."

Ya zaro littafinsa daga aljihu, ya zare takobin ya auna giɓin, ya rubuta inci huɗu da rabi daga tsini. Biron ya tsaya a layi na gaba.

"Dalilin giɓi. Me zan rubuta?"

Iya ta koma kan tabarmarta, ta jawo kwanon gyaɗa tana dariya.

"Ningawa mana. So kake ka ƙaryata mijina na gaskiya?"