Yadda Za Ka Ture Tsoho Mai 'Yar Tsana Ka Tafi Ikko

Kai, ma'aikacin ofishin al'adu, an ce mutum ɗaya za a tura babban bikin Ikko ya nuna wasan 'yar tsana, kuma kana so ya zama kai, alhali ko muciya ba ka taɓa sassaƙawa ba. Kwantar da hankalinka. Bi abin da zan gaya maka, wallahi sai an daɗe ana zancenka a Kaduna.

1. San abokin gabarka

Malam Datti ne, tsohon nan na Kurmin Mashi. Shekara talatin yana sassaƙa 'yan mutane kamar ɗan yatsa, duk a gwangwanin madara yake zuba su. In ya sa su a yatsunsa suka fara gardama, har masu keke tsayawa suke yi. Kada wannan ya dame ka. Ka rubuta a fayil cewa ƙasa mai arzikin mai ba ta wasa da abin da sai an ƙanƙance ido ake gani.

2. Gina ƙato

Mutum-mutuminka ya kai kamu goma sha biyu a tsawo, kada ka rage. Gora, buhunan siminti, da zannuwan matarka Delu guda huɗu. In Delu ta tambaya, ka ce gwamnati ce ta ara. Manya ba sa tambayar me abu yake yi, tsawonsa suke kallo.

3. Zuba mutane a ciki

Sule masinja da Bala direba sun isa. Ba sa ga-maciji da juna, amma ai a cikin buhu ba mai ganin fuskar wani. Kada ka ɓata lokaci wajen gwaji, gwaji na marasa ilimi ne.

4. Ranar zaɓe

Babban sakatare zai zauna a rumfa da baƙinsa. Bari tsohon ya fara. Zai lanƙwasa yatsa, ɗan mutuminsa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, an wuni lafiya?" Rumfa za ta ɗauki dariya. Kai ka taɓe baki.

Sai naka ya shigo, ya tsaya ƙiƙam a kan manya, inuwarsa ta rufe su. Wani dattijo zai ce, "Wannan ɗan gidan uban wa ne, bai iya gaisuwa ba?" A nan za ka tuna ba ka yi masa gwiwa ba.

5. Kada ka karaya

Ka daka tsawa, "Sule, ku rusuna!" Sule zai yi gaba, Bala ya yi baya, ƙaton ya gaida babban sakatare da dukan jikinsa, har da rumfar. Ka tabbata kai ka fara tsinto hular sakataren, ka kaɗe ta da kyau. Ladabi yana da rana.

Tsohon zai rufe gwangwaninsa, ya ce maka, "Sannu, ɗana, ai ka yi ƙoƙari." Wannan ta fi mari ciwo, ni na sani. Ran Laraba zai shiga jirgin Ikko.

Gargaɗi

Ni dai shawara na ba ka, ban riƙe maka gora ba. Karaya, saki, ko takardar canjin wurin aiki, duk naka ne. In an mayar da kai tsaron sito a Rigachikun, ka taho da kujerarka, don guda ɗaya ce a nan, kuma ni nake kanta.