Ranar da Na Cika wa Inna Randuna

Ko zan manta da komai, ba zan manta da satin farko na aurena a Maruta ba. Ni 'yar cikin garin Birnin Kudu ce, iyakar sanina da randa shi ne na ɗebi ruwa na sha. Sai ga shi uwar mijina, Inna, maginiyar tukwane ce. Tana kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, ta gina, ta shanya a inuwa, in sun bushe a lulluɓe su da kara a gasa. (Duk wannan bayanin daga baya na koye shi, kuma a wahalce.)

Na ji ƙishin-ƙishin wai dangin miji na cewa 'yar birni ba ta iya aiki ba. Abin ya tsaya min a rai, na ce sai na ba su kunya.

Wata safiya Inna ta tafi barka. Na leƙa rumfarta, na ga manyan randuna a jere, babu ko ɗigon ruwa. Har tausayinta na ji. Na ci ɗamara, na kama guga, na yi ta ja daga rijiyar tsakar gida har na cika su fal. Na lura ba su da ja irin na kasuwa, amma na ce ƙila sabon yayi ne.

Ina zaune ina jiran yabo, Inna ta yi sallama tare da maƙwabta. A gabansu randar farko ta durƙusa a hankali kamar mai gaisuwa, sauran suka bi ta. Tsakar gida ta koma fadama.

"Amarya, wa ya zuba musu ruwa? Ɗanyu ne fa, ba a gasa ba!"

"Ni ce, Inna," na ce, ina neman ramin shiga.

Matan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Inna ta dubi aikinta na sati guda, ta dube ni.

"To, kin jiƙa mana yumɓu. Tuɓe takalmi ki shigo ki taka."

Haka na yini ina kirɓa laka da ƙafafuna masu sabon lalle, yaran unguwa na leƙe ta katanga.

Tun daga ranar, a gidan surukai ko tsintsiya na gani a yashe, sai na tambaya kafin na nuna ƙwazo.