Ranar da Na Yi Hira da Kafaɗata

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata rijiya a arewacin Tebaram ba, inda na shafe kusan awa biyu ina hira da kafaɗata a gaban jama'a.

Ni malamin dabbobi ne a Tawa, allurar rigakafi ce aikina. A shekarar ne aka fara ba ni shugabancin ayari, kuma aka raba mana oba-oba, rediyon hannun nan na kiran juna, domin da zarar ka nausa dajin can, wayar salula ta koma fitila kawai. Kowace oba-oba ta zo da ɗan mikoro marar igiya da ake maƙalawa a kafaɗa, ka danna ka yi magana, amsa ta fito ta cikinsa. An shirya mana horo na yini guda. Na je, ba zan ce ban je ba (na isa daidai ana raba shinkafa). Da mai horarwar ya tambaya ko akwai wanda bai gane ba, ni na fara girgiza kai. Ina sabon shef, wato shugaban ayari, ta yaya zan yi tambaya a gaban mutanena?

Abin da ya wuce ni kafin shinkafar kuwa shi ne, ɗan mikoron nan ba ya tsinana komai shi kaɗai. Sai oba-obar tana kusa da shi, taku goma ko sha biyar, sannan yake aiki.

Akwai wani dattijo makiyayi, Baba Agali, wanda na yi shekara biyu ina bin sa ya yarda a yi wa shanunsa allura. Ba shanunsa kaɗai nake ji ba. Duk makiyayan yankin shi suke kallo, in ya ƙi sun ƙi. Da ciwon huhu ya yi musu ɓarna, sai a shekarar ya aiko cewa in zo rijiya ranar da yake shayarwa, amma da azahar zai kora dabbobinsa, ko an gama ko ba a gama ba.

Motarmu ɗaya ce, ayari biyu. Muka shirya cewa direbanmu Ilu zai sauke ni da masu allura biyu da ƙaramin akwatin ƙanƙara, ya wuce da abokiyar aikina Madam Hadiza wata rijiyar, babban akwatin maganin yana cikin mota. In namu ya kusa ƙarewa, in kira shi ya kawo ƙari. Da zan sauka na ɗaga oba-obar na ji nauyi, ga ta tana jan aljihun sabuwar rigata gefe guda. Na ce a raina, mai ɗan mikoro me zai yi da wannan tubali? Na tura ta ƙarƙashin kujera, na sauka ina gyara kafaɗa.

Aiki ya yi kyau fiye da zatona. Da mutane suka ga shanun Baba Agali a layi, sai garke ya riƙa ɓullowa ta ko'ina. Wajen ƙarfe sha ɗaya maganinmu ya kusa ƙarewa, ko rabin nasa shanun ba mu yi ba.

Na tsaya inda kowa zai gan ni, na danna, na ƙara wa muryata kauri.

"Ilu, Ilu, shef ne. Kawo magani."

Shiru. Wata ƴar fitila ja tana ta ƙiftawa a jikin mikoron (ni a lokacin na ɗauka alamar ƙarfi ce). Na sake kira, shiru. Baba Agali yana zaune a inuwar aduwa, rawani ya rufe masa komai sai idanu, idanun kuma a kaina suke.

"Likita, mi sunka ce?"

A nan ne shaiɗan ya dafa ni. Tsoro nake ji ƙwarai, kada tsohon nan ya tashi, wahalar shekara biyu ta bi iska. Sai na ja gefe, na karkatar da kai na manna kunne a kafaɗa, na shiga gyaɗa kai ina cewa, "To. To, madalla. Ku yi sauri." Na dawo na ce, "Baba, sun taso."

Ya ce, "Madalla."

Bayan rabin awa na sake komawa gefe na yi wata hirar. Wannan karon har faɗa na yi wa Ilu, da nuna yatsa. A karo na uku, da na ga rana ta take tsakiya, wasu sun fara tattara guga, sai na ƙara gishiri: "Baba, taya ce ta yi musu faci, amma sun kusa gamawa." Zufa har cikin takalmina. Masu allurata biyu suna ta duban ƙasa, ban san me suke nema ba.

An kusa kiran azahar sai ga ƙurar mota. Wallahi ban taɓa ƙaunar Ilu kamar ranar ba. Yana tsayawa Baba Agali ya miƙe a hankali, ya riga ni isa wurinsa.

"Sannu direba. Sannu da hwaci."

Ilu ya leƙa tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. "Wane hwaci, Baba?"

Kafin in buɗe baki, ɗan mikoron da ya yi mini gum tun safe ya ji uwarsa a kusa, ya yi ƙara ɗil, fitilar ta koma koriya. Sai muryar Madam Hadiza ta fashe daga kafaɗata, rangaɗau, har shanu suka ɗago kai:

"Ilu, ka isa? Ka ba shef oba-obar tashi da munka tsinta ƙarƙashin kujera. Allah sarki, na san yana can tun sahe yana kiran iska!"

Dariyar da aka yi a bakin rijiyar nan, har matan da ke jan jakuna sai da suka tsaya. Na so a ce guga ne ni, a zura ni ciki a manta. Na je gaban Baba Agali na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Ba wanda ya amsa mini tun safe."

Ya sassauta rawaninsa, na ga ashe shi ma dariya yake.

"Ɗana, tun kiran hwarko na gane. Na yi shekaru ina nuna ma manyan motoci masu irinta hanya cikin hamada. Wagga aba in ta amsa, sai ta yi shuuu kowa ya ji, ba a kunne ɗaya take raɗa ba."

"To me ya sa ba ka tafi ba, Baba?"

"An sha yi min ƙarya don a raba ni da shanuna. Ba a taɓa tsayawa cikin rana ana yi min ita don su samu lahiya ba, sai yau. Shi ya sa na zamna in ga ƙarshenta." Sai ya ɗaga yatsa. "Amma kak ka ƙara. In ba ka sani ba, ce min ba ka sani ba, in taya ka jira."

Bai kora ba da azahar. Muka yi salla tare, muka ci gaba har la'asar sakaliya, ba saniyar da ta bar rijiyar ba allura. Bana ma shi da kansa ya aiko a tambayi ranar zuwanmu.

Ilu dai har gobe bai yafe mini facin ba, duk tayar da ta sace sai ya ce bakina ne. Ni kuma abin da na koya shi ne, kunyar ɗaga hannu a cikin aji ta minti ɗaya ce, kuma a inuwa ake jin ta. Wadda na zaɓa wa kaina ta awa biyu ce, a tsakiyar rana, gaban shanu.