Yadda Za Ka Sa Duniya Ta Ambaci Mujallar da Ba Mai Karantawa

Ɗan'uwa edita, share hawayenka. In dai ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari sunan mujallarka zai shiga bakin masanan da ba su ma san a wace nahiya kake ba. Ba labari aka ba ni ba, a kaina aka gwada, kuma ga ni nan da raina, in ban da ɗan hawan jini.

Ni ne editan mujallar tsangayarmu, mai buga bincike kan kimiyyar sinadarai da kayan nano, wato ƙwayoyin abu ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Malamina ne ya kafa ta, wani farfesa da ya yi ritaya, muna ce masa Tsoho. Ranar da ya miƙa min makullin ɗakin mujallar cewa ya yi, "Ga ta nan, kada ta mutu a hannunka." Tun daga lokacin, duk fitowar da aka buga ni nake kai masa kwafin farko har gida, shi kuma ya dawo min da shi jina-jina da jan biro.

A sana'armu, ka sani, ba a tambayar mutum nawa suka karanta ka. Ambato ake ƙirgawa, wato sau nawa wani mai bincike ya sa aikinka cikin jerin manazarta a ƙarshen maƙalarsa. Akwai na'ura can wata ƙasa da ba ta da aiki sai wannan ƙirga. A farkon shekarar karatu Shugaban tsangaya ya kira ni ofishinsa, ya juyo min da fuskar kwamfutarsa, mai nuna zanen ambaton da mujallarmu ke samu.

"Dakta, me ka gani?"

"Layi a kwance, ranka ya daɗe."

"Ni ma shi na gani. In shekara ta ƙare babu wata mujalla daga waje da ta ambace mu, zan rufe ta. Dama muna neman ɗakin da za mu zuba fasassun kwalabe."

Na fito. A ranar na fara tara hikimar da zan ba ka kyauta.

Mataki na 1: Fara da kanka

Ba mai shiga shagon da babu kowa a ciki. Saboda haka kafin baƙi su zo, cika shagon da 'yan gida. Rubuta maƙala, ka ambaci maƙalarka ta bara. A ta baɗi ka ambaci duka biyun. In ka rubuta cewa ruwa yana narkar da gishiri, kada ka bar maganar haka tsirara, sa mata hujja daga aikinka.

Kada kunya ta hana ka. Ni da farko nakan rubuta "kamar yadda wasu masana suka nuna", alhali ni ne masanan. Da tafiya ta yi tafiya na saba, har nakan ɗan yi wa kaina gyara cikin ladabi, in ce masanan baya sun yi ƙoƙari amma da sauran aiki.

Mataki na 2: Buɗe ƙofar fage har ta cire

A zamanin Tsoho, fagen mujallar a rubuce yake a bayan bango, layi biyu kacal. Duk abin da ba sinadarai ba, ko ba nano ba, juya shi yake yi ya koma inda ya fito. Wannan tsauri ne ya sa mujallar ta rame har ana iya tura ta ta ƙarƙashin ƙofa. Kai kada ka yi haka. Ka tuna duk abin da ke duniya sinadari ne, kuma duk abin da aka niƙa da kyau ya kama hanyar zama nano.

A nan kana buƙatar abokin aiki irin nawa, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Dakta Nano saboda ba ya gama jimla bai sa kalmar ba. Wata rana wani malamin kiwon dabbobi ya kawo mana maƙala kan abincin kaji. Na ce masa ya yi haƙuri, ba fagenmu ba ne. Dakta Nano ya karɓe takardun daga hannuna.

"Malam, abincin nan ana niƙa shi?"

"Ana niƙawa mana."

"Yana laushi?"

"Sosai ma."

"To ai shi ke nan, namu ne."

Muka ƙara kalma ɗaya a kan taken, muka buga. Da kwafin Tsoho ya dawo, ya zagaye taken da ja, ya rubuta a gefe: "Kaji na gani ko idona ne?" Na yi dariya ni kaɗai a ofis, amma ban nuna wa kowa ba.

Mataki na 3: Zama mai tantancewa, ka ɓoye fuskarka

Ka san ƙa'ida: kafin a buga maƙala sai an tura wa wani masani a ɓoye ya tantance ta. Ba inda aka ce wannan masani ba zai zama kai ba. Yabi aikin a layin farko don zuciyar marubucin ta yi laushi. A layi na biyu nuna takaicinka cewa ya yi watsi da manyan ayyukan da aka yi a fagen, sannan ka jero masa su. Ba sai na gaya maka a wace mujalla aka buga su ba.

Wasu za su yi gardama. Wata malama da ta yi bincike kan tsatsar bututun ruwa ta zo har ofis da takardar a hannu.

"Yallaɓai edita, mai tantancewar nan lafiyarsa ƙalau kuwa? Me ya haɗa tsatsa da abincin kaji?"

Na gyara tabarau na ce, "Malama, kajin ruwan ina suke sha?"

Ta dube ni, ta dubi rubutun, ta sake dubana. Na manta cewa ni kaɗai ne a tsangayar ke fara kowace jimla da "hasali ma". Ta ce, "A gaida mai tantancewa in an gan shi," ta fita. Amma ta sa kajin, kuma abin da ake nema ke nan.

Mataki na 4: Ƙulla zumunci da mujallar da ke cikin irin halinka

Yanzu shago ya cika da 'yan gida, saura baƙo. Nemi editan wata mujalla a wata jami'a, wanda shi ma layinsa ke kwance. Ku yi yarjejeniya ta mutunci, ka ambace shi ya ambace ka. Sai dai ka tabbata shi ya fara.

Ni ban tabbata ba. Na haɗu da nawa a wani taro, muka sha shayi, muka rungumi juna kamar 'yan uwa ɗaya. Na dawo na cika fitowa guda da sunan mujallarsa tun daga bango har bango. Na zauna jiran ramuwa. Da shiru ya yi yawa na buga masa waya, ya ce ai an rufe tasu tun watan jiya, ɗakin ma an mayar da shi wurin ajiye kujeru, amma ya gode ƙwarai da karamci.

Mataki na 5: Kada ka kai maganar gida

Musamman in matarka malamar lissafi ce kamar tawa. Wata rana da yamma tana gyaran jarrabawar ɗalibanta a falo, ni kuma baki ya ƙi rufuwa, na ce mata an ambace ni sau da dama a watan nan.

"Masha Allah. Wa ya ambace ka?"

"Dakta Nano."

"Shi kuma wa ya ambace shi?"

"Ni."

"To Baban yara, ai wannan gaisuwa ce kuke yi wa juna."

Na haɗiye maganar, domin akwai buƙatar da na zo da ita. Na ce ko za ta yi wa yayanta da ke ƙasar waje magana, tunda yakan yi rubuce-rubuce, ya ɗan sa mu a manazartarsa ko sau ɗaya.

"Yaya fa likitan haƙori ne."

"Haƙori ma ai sinadari ne."

Ta aje biro ta dube ni, ba da fushi ba, da tausayi, kuma wallahi da fushin ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Lokacin da ka aure ni, in ka dawo daga ɗakin gwaji rigarka ƙauri take yi, kana ba ni labarin abin da ka gano har in yi barci. Yaushe rabonka da ƙona riga?" Na ce zan je in duba ko an kulle mota.

Mataki na 6: Yi haƙuri, baƙo yana tafe

Shekara ta zo gangara, har masinja ya fara leƙowa yana auna ɗakina da ido. Sai wata safiya saƙo ya shigo daga na'urar ƙirga: an ambace mu, a wata babbar mujalla, daga wata ƙasa mai nisa. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na kira Dakta Nano, muka buɗe tare.

Wasu masana ne suka yi bincike kan mujallun da ba sa ambaton kowa sai kansu. Sun tace dubbai, suka zaɓi guda don ta zama misali, kuma ba sai ka tambaya wacce ba. Har zane suka yi mana a shafi guda cur: ƙaton ɗigo a tsakiya ɗauke da sunanmu, kibiyoyi na fita daga jikinsa suna lanƙwasowa suna komawa ciki. A ƙarƙashi sun kawo maƙalar kaji, sun ce a duba abin da aka ambata a binciken tsatsa.

Dakta Nano ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Amma fa sun rubuta sunanmu daidai."

Ga sirrin da ya sa wannan jagora ya fi kowane: na'ura ba ta san zagi ba. Wanda ya ambace ka don yabo da wanda ya ambace ka don duniya ta yi dariya, duk ɗaya take rubutawa. Binciken nasu ya karɓu, duk wanda ya zo rubutu kan wannan cuta sai ya ambaci kajinmu. Kafin ka ce me, layin da ke kwance ya miƙe tsaye.

Mataki na 7: Nuna lamba, ka riƙe bakinka

Shugaba ya kira ni, wannan karon har da ba ni kujera.

"Dakta, ka fitar da mu kunya! Me suka ce a kanmu?"

"Sun ce babu kamarmu, ranka ya daɗe."

Ka lura, ban yi ƙarya ba. Ya nemi ganin takardar, ya wuce rubutun kamar yadda ya saba, idonsa ya faɗa kan zanen. Ya ce, "Kai, dubi yadda muka fi kowa girma! Ga kibiyoyi duk wurinmu suka nufa." Nan take ya ba da umarni a faɗaɗa zanen, a sa shi a gilashi, a rataye a ƙofar tsangaya. Yana nan har yau, baƙi na tsayawa ɗaukar hoto a gabansa. Mujalla ta tsira, kwalabe kuma aka kai su ƙarƙashin bene.

Mataki na 8: Kada ka kai wa wanda ya iya karatu

Wannan matakin ni ban bi shi ba, shi ya sa na san muhimmancinsa. Da sabuwar fitowa ta zo na ɗauki kwafin farko na tafi gidan Tsoho kamar kullum. Na same shi a baranda, da takardun masanan nan a cinyarsa, ya buga su a takarda saboda idonsa ba ya son kwamfuta. Na durƙusa na gaishe shi.

"An ce ba za a rufe ba," in ji shi.

"Ba za a rufe ba, Malam."

"Madalla. Na karanta aikin mutanen nan, aiki ne mai kyau. Ka lura sun bi mujallar tun daga fitowar farko? Sun ce ta da ƙarama ce amma tsaf take, har sun nuna shekarar da abin ya canja." Bai faɗi shekarar ba, ni ma ban tambaya ba, don na san shekarar da aka ba ni makulli. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Na tsufa ina jiran ranar da wani daga waje zai zauna ya karanta mu daga farko har ƙarshe. Ga shi ka kawo min su. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Da ya zage ni da na samu abin da zan riƙe in yi fushi da shi a hanya. Na miƙa masa kwafin da hannu biyu, ya karɓa, ya tambayi lafiyar yara.

Bayan mako aka dawo min da kwafin ofis. Na buɗe shafin farko, na buɗe na biyu, na bi shi har bango ina neman ja. Babu ko ɗigo.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya cika alkawarinsa, domin ambato ya ce za a samu, bai ce wane iri ba. Ba ruwansa da duk abin da zai biyo baya, ko kallon da matarka za ta yi maka, ko kajin da za su bi sunanka har kabari, ko kwafin da zai dawo maka fes. Wanda ya bi matakan nan ya ji ciwo ya nemi likita, kada ya nemi edita. Ba ya ofis ma yanzu, yana ɗakin gwaji yana neman farar rigarsa ta da, an ce ta yi masa kaɗan. Wanda kuma ya amfana, don Allah in zai ba da labari ya ambace ni.